Ga mai shirin zuwa Phnom Penh

Jama'a, duk wanda tafiya ta kai shi Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ya yi hattara da shinkafar safe ta bakin titi, wadda suke kira bai sach chrouk. Ƙamshin gashin kamar na tsire, amma naman alade ne. Romon taliyarsu ma yawanci da ƙashin alade ake haɗa shi. In halal kake so, nemi wuraren abincin Musulmin ƙabilar Cham, akwai su kusa da masallacin Al-Serkal.

'Ya'yan itace kuwa ci abinka: ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, ga ruwan rake ana matse maka a gabanka. Sai dai ka riƙe canjin riel, kuɗin ƙasar, wajen 4,000 ne dala ɗaya. Dalar da ta ɗan yage, mai talla ba za ta karɓa ba.