Kurakuran da ke hana ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare samun gurbin karatu, da yadda za a gyara su

Duk shekara, idan manyan makarantu suka fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan sami ɗalibai a Bauchi da Azare da Misau da sauran garuruwanmu waɗanda suka ci maki mai kyau a JAMB, suka kuma haɗa kiredit ɗin da ake buƙata, amma aka nemi sunansu aka rasa. Abin da aka fi saurin faɗa shi ne ba su da uwa a gindin murhu. Ba za a ce sanayya ba ta aiki ba, sai dai wanda ya zauna ya bi takardun irin waɗannan ɗalibai zai tarar cewa sau da yawa matsalar ta faro ne tun suna aji uku na babbar sakandare, lokacin da suka damƙa al'amarinsu a hannun wani, ko mai shagon intanet ko wani yayansu, suka ɗauka cewa aikinsu bai wuce karatu da zama jarrabawa ba.

Kuskuren da ya fi ba da wahala wajen gyara shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma hukumar tana ɗauko sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa ne kai tsaye daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN. Mu kuwa a nan suna ɗaya yakan zo da rubutu uku. Yaro Muhammad ne a rajistar makaranta, Mohammed a takardar NIN, Muhammadu a takardar firamare. Yarinya A'isha ce a nan, Aishatu a can. Wani a sakandare sunan mahaifinsa yake bi, a NIN kuma an ƙara masa sunan kakansa ko sunan garinsu, Ningi ko Darazo ko Jama'are. A gida duk mutum ɗaya ne, amma jami'in tantancewa abin da ke kan takarda yake dubawa. Gyaran shi ne tun a zangon farko na aji uku, kafin makaranta ta tura sunaye ga WAEC da NECO, a baje takardar haihuwa da ta firamare da ta ƙaramar sakandare da ta NIN a wuri ɗaya, a duba rubutun kowane suna da jerinsa da ranar haihuwa, a tsayar da guda ɗaya a bi shi. Idan NIN ce ke da kuskure, a fara neman gyara nan take, domin aikin yana cin kuɗi da lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye su kuma lura cewa shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga babbar makaranta, don haka rage wa yaro shekaru ko ƙara masa a wata takarda ba tare da sauran ba jawo masa matsala ce kawai.

Sai batun layin waya. Rajista tana farawa ne da tura lambar NIN ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, a turo wa ɗalibi lambar da zai sayi fom da ita. Layin da aka yi wannan da shi ya zama shaidar ɗalibin a wurin hukumar, ta nan ake duba sakamako, ta nan saƙonni ke zuwa. Wanda ya ari layin maƙwabci ko na abokin da zai koma Kano bayan wata biyu ya sa kansa cikin wahalar da ba dole. A sami layi ɗaya a adana shi, a riƙa sa masa kati don kada kamfani ya rufe shi. Haka adireshin imel: ɗalibi ya buɗe nasa, ya rubuta kalmar sirrinsa a wurin da ba za ta ɓata ba.

A cibiyoyin da JAMB ta amince da su kaɗai ake yin rajista. Ranar rajistar akan sami cunkoso, ma'aikaci na sauri, na baya suna matsawa, sai a ce wa ɗalibi ya duba allon kwamfuta ya tabbatar, shi kuwa ya gyaɗa kai bai karanta ba. A wannan ɗan lokacin ne ake shigar da darasin da bai zaɓa ba ko ƙaramar hukumar da ba tasa ba. Ya kamata ya je da komai a rubuce a takarda, ya karanta allon layi bayan layi, kada ya ji kunyar cewa a gyara. 'Yan mata kuma su bar ƙunshi a yatsu tun makonni kafin rajista da kafin jarrabawa, ko da bikin ɗan uwa ne ya taso, domin lalle yana hana na'ura karanta zanen yatsa, hukumar ma ta yi gargaɗi a kai, kuma wadda na'ura ta ƙi yatsanta a ƙofa ba ta shiga ɗakin jarrabawa.

Inda aka fi yin asara mai ciwo shi ne haɗa darussa. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kuma kwas ɗin da ake nema ne ke tsayar da su. Mai neman likitanci zai zauna Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci zai zauna Lissafi da Fiziks da Kimistiri. Ɗalibin da ya nemi injiniyanci amma ya sa Bayoloji a madadin Lissafi saboda yana jin tsoron Lissafin, ko ya ci 280 ba za a ɗauke shi a wannan kwas ba. Mai neman aikin lauya da bai yi Adabin Turanci ba yakan gamu da irin wannan a jami'o'i da yawa. JAMB tana da kundin da ke nuna sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta, yana shafinta na intanet kyauta, kuma akwai bambance-bambance tsakanin wata jami'a da wata. Kundin ne abin dogaro. Maganar “haka wane ya yi bara” ba hujja ba ce. Wannan duba ya shafi darussan WAEC da NECO ma, inda ake neman kiredit biyar da suka dace da kwas ɗin, ciki har da Turanci, da Lissafi ga duk mai neman kimiyya ko fasaha ko kimiyyar zamantakewa, a zama bai wuce biyu ba. Wasu jami'o'in a zama ɗaya suke so ga kwas irin likitanci. Ɗaliban makarantun Arabiyya masu zana jarrabawar NBAIS su ma su duba kundin don ganin kwasa-kwasan da sakamakonsu zai buɗe musu.

Zaɓen kwas kansa yana buƙatar gaskiya tsakanin ɗalibi da iyayensa. Kusan kowane gida yana son likita ko ma'aikaciyar jinya, alhali gurbin waɗannan kwasa-kwasai ƙayyadadde ne, hukumomin sana'ar ne ke yanke wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka. Mutane sukan ji an sanar da mafi ƙarancin maki na ƙasa, wanda a 2025 ya kasance 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi, sai su ɗauka duk wanda ya haura haka ya shiga. Wannan maki iyaka ce da ba a yarda makaranta ta sauka ƙasa da ita ba. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe yana da nasa, kuma na likitanci ya yi wa na ƙasa nisa ƙwarai. Ɗalibin da ya samu 190 ya nace sai likitanci ya zaɓi zaman gida na shekara guda ne, alhali akwai damar canza kwas ko makaranta bayan fitowar sakamako, ana biyan kuɗi a yi a cibiyar rajista.

Haka nan zaɓen makaranta. Jami'o'i da yawa ba sa duba wanda bai sa su a zaɓi na farko ba, don haka sa babbar jami'a a zaɓi na biyu kusan ɓata gurbi ne. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda Bauchi da Gombe ke cikinsu. Wannan yana nufin ɗan Bauchi yana da ƙofa fiye da ɗaya a jami'ar da ke kusa da shi. Ya kuma dace ya san abin da kowacce ta ƙware a kai. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, mai harabobi a Yelwa da Gubi, an kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, ƙarfinta yana wajen injiniyanci da kimiyya da noma. Jami'ar Sa'adu Zungur tana Gadau, da harabobi a Bauchi da Misau, a ta Misau ne ake karatun lauya. Akwai jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya a Azare, ga Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere a maƙwabta. Raina kwalejoji ma kuskure ne. Wanda ya yi difloma a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji ko ta Tatari Ali, ko ya yi NCE a Kwalejin Aminu Saleh ta Azare ko ta Kangere, yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu idan sakamakonsa ya yi kyau. Shirin share fagen shiga jami'a na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi ma hanya ce.

Game da shirin jarrabawar JAMB, abu biyu sun isa a ambata. Na farko, tambaya 180 ce a cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane darasi, a kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai ɓata mintuna yana laluben allo, alhali da ya yi gwaji sau biyu ko uku da ya san A, B, C da D ne na zaɓar amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya. Jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa ta cancanci kuɗinta. Na biyu, kada zafin JAMB, wadda ta saba faɗowa wajen Afrilu, ya sa a yi sakaci da WAEC da NECO da ke biye da ita. Maki 250 ba ya rufe rashin kiredit a Turanci.

Bayan jarrabawa ne ɗalibai da yawa ke sakin hannu. Wanda ya yi rajista kafin sakamakon WAEC ko NECO ya fito, wajibi ne ya koma cibiya a ɗora masa sakamakon a shafin JAMB, domin idan babu shi a can jami'a ba za ta iya miƙa sunansa ba, ko da ta tantance shi. Ya kuma riƙa bibiyar sanarwar makarantar da ya zaɓa, saboda fom ɗin Post-UTME, wato tantancewar da makaranta ke yi bayan jarrabawar JAMB, yana da ranar rufewa. Tun 2017 duk gurbin karatu ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB yake bi. Idan an ba ɗalibi gurbi, sai ya shiga da kansa ya danna amincewa cikin wa'adin da aka ɗiba, sannan ya buga takardar shaidar ɗauka. Duk wanda ya zo da alƙawarin gurbi ta bayan fage a kan wasu kuɗi, ko dai damfara ce, ko kuma gurbin da JAMB ba ta san da shi ba, wanda illarsa ba ta bayyana sai ranar da aka zo tafiya bautar ƙasa aka rasa sunan mutum a jerin hukumar.

Kuɗi da takardun rajista su ma a fara tanadinsu tun kafin suna ya fito. Makarantu sukan nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma da takardar haihuwa da hotuna da takardar kammala makaranta, wasu har da shaidar lafiya, kuma zuwa sakatariya a Toro ko Alkaleri neman sa hannu cikin makon rufe rajista ba abu ne mai tabbas ba. Akwai bashin karatu marar ruwa na asusun NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, sai dai ana nemansa ne bayan an samu gurbi, da lambar JAMB da NIN da BVN, kuma ba lallai ya iso kafin a rufe rajistar farko ba. Saboda haka kuɗin karɓar gurbi da na zangon farko da na masauki, iyaye su fara ware su tun lokacin kaka, ɗalibin kuma ya buɗe asusun banki da sunan da ya yi daidai da na NIN ɗinsa.