Yadda ake horar da yaran besbol masu yawon gasa a Amurka

Sabbin masu horarwa da na gani a nan Amurka kusan duk rami ɗaya suke faɗawa, ni ma a ciki na fara: su ci wasannin Asabar da ƙarfin tsiya, ranar Lahadi a kora su gida tun da hantsi. Gasar ƙarshen mako haka take tafiya, Asabar wasa biyu na rukuni, Lahadi kuma sili ɗaya ƙwale, mai son kofi sai ya buga kamar wasa uku a yini guda. Saboda haka kafin komai, zauna ka ƙirga masu jifanka. In yaranka 12 ne, sai takwas sun iya hawa tudun jifa. Biyu ko uku ba za su kai ka ko'ina ba.

Ƙa'idar Pitch Smart, wadda MLB (babbar gasar ƙwararrun besbol) da USA Baseball (hukumar besbol ta ƙasar) suka fitar kan yawan jifan yara, ita ce ma'aunina. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 kada ya wuce jifa 85 a yini. Sai dai hutun ne mutane ba sa karantawa: jifa 20 ko ƙasa da haka babu hutu, daga 21 zuwa 35 kwana ɗaya, daga 36 zuwa 50 kwana biyu, daga 51 zuwa 65 kwana uku, daga 66 zuwa sama kwana huɗu. Ka ga ke nan duk yaron da ya wuce 20 ranar Asabar, ka rasa shi ranar Lahadi.

A shekarata ta farko na bar gwanina ya jefe wasan Asabar kaf, a kan ƙungiyar da ko wa na sa za mu ci. Washegari dole na sa wani yaro da bai taɓa jifa a gasa ba. Mutum huɗu a jere ya ba tafiya kyauta zuwa tashar farko, saboda jifansa ba ya saiti. Yana jawo hularsa yana rufe ido, yana waiwayena ko zan zo in cire shi, ni kuwa na duba benci babu wanda zan sa. Laifina ne, ba nasa ba.

Yanzu tun daren Juma'a nake rubuta wanda zai yi jifa a kowane zagaye (inning) na kowane wasa. Asabar ta yaran tsakiya ce. Gwanaye biyu ko dai su huta ko su tsaya a 20, ko da ana cin mu. Wasu masu shirya gasa zagaye suke ƙirgawa, ba jifa ba, don haka kada ka jira su. Ka ba uba ɗaya ɗan abin ƙirga na latsawa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya riƙa gaya maka lamba bayan kowane mai bugu. Mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu ba ya jifa a ranar da ya tsuguna. Wannan ba na jayayya a kansa.

Wajen atisaye, saiti za ka koyar, gudun ƙwallo zai zo da girma. Jifa madaidaiciya da mai rage gudu sun ishe su, mai lanƙwasa ta jira. Ka auna da tef: a yawancin gasar 'yan shekara 12 ƙafa 50 ce daga tudu zuwa wurin bugu, ƙafa 70 tsakanin tasha da tasha, ba 46 da 60 da suka saba a Little League, gasar yara ta unguwanni, ba. A wannan filin mai gudu yana iya matsawa daga tasha ya sace ta gaba, to sai mai jifa ya koyi tsare shi da ido.

Kada ka jera yara goma a fili suna hamma, ɗaya yana bugu. Raba su kashi uku, kowane minti 15 a juya. Jifa da cafka kullum, don a wannan shekarun ƙwallon da aka yar ita ke kashe wasa.

Sanda kuwa, sabuwa tana kai dala 300 zuwa 400. Ka ce iyaye su sayi ta hannu, su dai duba hatimin da gasar ta yarda da shi, na USSSA (ƙungiya mai shirya irin waɗannan gasanni) ko na USA Baseball.

In a USSSA za ku yi rajista, ku shiga ajin da za ku ci kamar rabin wasanninku. Ƙungiyar ajin AA, ɗaya daga ƙananan azuzuwa, ba ta da abin nema a Major, ajin da ya fi kowanne ƙarfi. Iyaye kuma ka gaya musu tun taron farko, mai ƙorafi kan lokacin wasan ɗansa ya bari sai bayan awa 24, kuma ba a gaban yaro ba.