Kurakuran da aka fi yi wajen saka baƙo a wasan barkwanci

Masu shirya wasan ban dariya, na talabijin ne ko na YouTube, akwai kurakuran da nake ta gani idan an zo saka baƙo a labari, wato wanda ya baro ƙasarsu ya zo neman abinci wani wuri. Turawa sun riga mu afkawa ramin nan sun sha suka a kai, to babu dalilin da mu ma za mu rufe ido mu bi sahu.

Wanda ya fi yawa shi ne a mayar da karyayyen harshen mutum shi ne dariyar gaba ɗaya. Duk wanda ya taso yana kallon NTA zai tuna Mind Your Language, shirin Ingila da aka fara a 1977, ajin yamma ne na baƙi masu koyon turanci a Landan. Ɗan Japan kullum sai ya rusuna kafin ya yi magana, ƴar Sin ba ta da zance sai na Mao, Ali ɗan Pakistan da Ranjeet ɗan Indiya kuwa kullum cacar baki kan addini. Mun yi dariya ba ƙarya, amma ka lura sati ya zo sati ya wuce babu wanda ya ƙaru da komai, a ajin koyon yare fa, saboda ranar da suka iya turanci shirin ya mutu. A 1979 Michael Grade, babba a tashar LWT mai shirya shi, ya dakatar da shi duk da ana kallo sosai, don yana ganin zubar da mutuncin mutane ne. Gyaran ba wuya: ka ɗauki rubutunka ka karanta layin baƙon da hausar kowa da kowa, in ka ji babu abin dariya to ba ka rubuta komai ba tukuna, koma ka ba shi buri, ka ba shi bashin da ake bin sa, ka ba shi surukar da yake tsoro, dariyar ta fito daga halinsa.

Sai kuma saka mutum ɗaya tilo ya wakilci al'umma guda. Apu na shirin katun ɗin Amurka The Simpsons, Ba'indiye mai kanti, ya fito tun 1990 kuma Hank Azaria ne ya riƙa yi masa murya, wanda ba Ba'indiye ba ne. Masu kare shirin suna cewa ai kowa suke tsokana, kuma Apu yana da digirin digirgir a fannin kwamfuta, ga ƙwazo, duk gaskiya ne. Amma shekara da shekaru kusan shi kaɗai ne Ba'indiyen da Amurkawa ke gani a talabijin, sai ya zama yaran Indiyawa da sunansa ake tsokanarsu a makaranta, abin da ɗan barkwanci Hari Kondabolu, ɗan asalin Indiya, ya yi fim a kai kenan a 2017, a 2020 Azaria ya ajiye muryar. Mu ai mun san zafin nan, Bahaushe a yawancin finafinan kudu mai gadi ne da rediyo a kunne yana ranka ya daɗe oga, ba likita ba lauya ba, abin yana ci mana rai, amma mu juyo gida mu yi wa ɗan kabilar Ibo irinta, kullum mai shagon kayan mota ne da ba ya ganin komai sai kuɗi, ɗan Nijar kuma ga-ruwa, Bafulatani bai taɓa ganin mota ba. Ka saka biyu ko uku daga al'ummar masu hali daban, har su riƙa saɓawa juna, kuma ka kira ɗan cikinsu ya zauna wajen rubutu ka biya shi, ba sai an gama ɗauka ba.

Wani zai ce haba ai wasa ne, mu da muke da wasan taubasantaka. E akwai shi, na Fulani da Barebari, na Kanawa da Zazzagawa, a Nijar ma har UNESCO ta saka al'adar cikin kayan gadon duniya a 2014. To amma wasan nan yana da sharaɗi, in ka jefa sai a rama maka nan take a gaban jama'a. Baƙon da ke cikin akwatin talabijin ba shi da bakin ramawa sai wanda marubuci ya ba shi. Shi ya sa nake yaba Goodness Gracious Me na BBC a 1998, ƴan asalin Indiya ne suke fitowa a ciki kuma da su ake rubutawa, akwai inda suka juya abin, Indiyawa suka shiga gidan abincin Turawa suna karya sunan mai kawo abinci suna neman abin da ya fi kowanne salam.

Kar kuma ka yarda cewa don ka saka mai ƙyamar baƙi da nufin a yi masa dariya shi kenan ka tsira. An gwada da Alf Garnett, mai ƙyamar baƙi a wani shirin barkwanci na BBC, tun 1965, wasu masu kallo sai suka riƙa tafa masa suna cewa gaskiya ya faɗa. In za ka ba shi baki, ka tabbata amsar da aka mayar masa ta fi tasa daɗi da nauyi.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙarshen labari, inda sai baƙo ya cire hularsa ya canja suna ya daina yarensu sannan maƙwabta su rungume shi. Wannan ɗaukar ɓangare ne a muhawarar da ƙasashe ma ba su gama ba, Faransa ta fi karkata ga kowa ya narke ya zama Bafaranshe, Kanada kuma tun 1971 ta ce kowa ya riƙe al'adarsa a zauna tare. Mutanen gaske a tsakiya suke. Yaron zango a Kumasi yana ciniki da Twi a kasuwa, ya dawo gida kaka ta hana shi tuwo sai ya gaishe ta da Hausa, ƙanwarsa kuma ta ce ita ba ta ga amfanin yaren ba tunda ba ta taɓa zuwa Kano ba. Rigimar gidan nan kaɗai ta ishe ka zango guda na shiri, kuma kowa a ciki yana da tasa hujjar, ka bar su su yi ta, kar ka raba musu gardama a fitowa ta ƙarshe.