Yadda Ake Bin Diddigin Kalmar Spectacle

Duk mai son sanin asalin wannan kalma ta Ingilishi ya fara da ƙamus mai kawo tarihin kalmomi, irin babban ƙamus na Oxford, domin yana nuna lokacin da kowace ma'ana ta fara bayyana a rubuce, abin da ƙaramin ƙamus na makaranta ba ya yi. A nan za ka tarar cewa kalmar ta shigo Ingilishi a ƙarni na 14 daga Faransanci, wanda ya zama harshen fada da kotu a Ingila bayan mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa ƙasar a shekarar 1066.

Kada ka tsaya a Faransanci, ka bi ta zuwa Latin, inda take a matsayin spectaculum, wato abin kallo, daga spectare, kallo, wadda ita kuma ta tsiro daga specere, dubawa. Da wannan suna Rumawa ke kiran manyan wasanninsu, kamar tseren keken doki, da kuma gwabzawar mayaƙa da ake yi a dandalin Kolosiyum na birnin Rum da aka buɗe a shekarar 80 Miladiyya, shi ya sa har yau kalmar ke ɗauke da taro, hayaniya da ƙawa. Da zarar ka riƙe saiwar spec, za ka riƙa ganin ta a spectator, respect da inspector, wadda Bahaushe ya ara ya mayar da ita sufeto.

Daga nan sai ka koma cikin jimla, domin a can ne masu fassara suka fi yin tuntuɓe. Idan ana maganar biki ko faɗuwar rana ne, ana nufin abin kallo mai ƙayatarwa. Idan kuwa aka ce mutum ya mayar da kansa spectacle, to ya zubar da mutuncinsa a bainar jama'a ne, kuma a ganina babu fassarar da ta fi "ya zama abin kallo" dacewa, tunda mu ma muna faɗin haka ga wanda ya yi abin kunya.

Ka lura kuma da harafin s na ƙarshe. Spectacles tana iya zama jam'in abin kallo, amma sau da yawa tabarau take nufi, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13. Idan ka ga an saka su a fuska, ko an goge su, ko likitan ido ya rubuta wa mutum su, ka fassara da tabarau.