Darasi na 9: Yadda ake yanka doguwar kalmar Faransanci gaɓa-gaɓa

To 'yan uwa, a 2025 Nijar ta maida Hausa harshen ƙasa, amma takardar magani da kwalin magani har yanzu da Faransanci suke zuwa, shi ya sa za ka ga dattijo ya miƙa takarda a farmasi bai ce uffan ba don kar bakinsa ya harɗe gaban yara. Wallahi abin nan yana damuna, domin kalmomin ba wuya gare su ba, tsawo ne kawai.

Ku ɗauki fensir. Duk inda kuka ji wasali, gaɓa ɗaya ke nan, baƙin da ya zo kafinsa kuma nasa ne: pa-ra-cé-ta-mol. Wannan c ɗin in ya zo kafin e ko i, s ake karanta shi.

In baƙi biyu suka haɗu a tsakiya sai a raba su, vac-ci-na-tion, c na farko k ne na biyu s, shi kuma -tion ɗin nan da ya cika takardun asibiti "siyon" ake cewa, kuma n ɗin ba ya fita sosai, ta hanci yake bi. Amma in baƙi na biyun r ne ko l, kamar tr, pr, bl, cl, kar ku raba su: é-lec-tri-ci-té. Nan ne fa mu Hausawa muke faɗawa, bakinmu ya saba cusa wasali sai mu ce "tiri", to a daure a haɗe su, tri, bugu ɗaya.

H ba ya magana. Hy-per-ten-sion, wato hawan jini, da i ake farawa, "en" kuma kusan "an" ne ta hanci. Ph f ne, th t ne, ch galibi sh ne kamar a chirurgie, sai dai a technique k ne. E na ƙarshe ma, in babu alama a kansa, shiru yake, an-ti-pa-lu-dique ya tsaya a "dik", kuma gaɓar ƙarshe ita ake ɗan ja.

In kalma ta ƙi faɗuwa ku faro ta daga baya: té, cité, tricité, har ku iso farko.

Aikin gida: ku yanka consultation, antibiotique da photocopie, ku faɗe su da ƙarfi kuna tafa hannu a kowace gaɓa, gobe kowa ya zo da kwalin magani ɗaya daga gida.