Yadda ake gina ƙaramin jirgin yaƙi mai rimot da zai sha harbi, ya nutse, ya kuma koma fage

Wannan wasa ya samo asali ne a jihar Tekzas ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970, daga baya ya bazu zuwa wasu jihohi har ya kai Ostireliya. Ana ƙera ƙananan kwafin jiragen yaƙin da suka yi aiki tsakanin 1905 da 1946, a ɗora musu bindigogin iska masu harba ƙananan ƙwallayen ƙarfe, a sake su a tafki su yi ta ɓarin wuta har wani ya nutse. Nutsewar kuwa ta gaske ce. Don haka tun kafin ka yanka katako na farko, ka sa a ranka cewa abin da kake ginawa zai kwanta a ƙarƙashin ruwa ba sau ɗaya ba, kuma ana so cikin awa guda da tsamo shi ya sake tashi.

Fara da neman dokokin ƙungiyar da za ka yi wasa da ita, domin tsari biyu ne manya. A na farko kowane jirgi ƙwallo iri ɗaya yake harbawa, mai kaurin milimita 4.5, kuma kowa fatar jirginsa katakon balsa ne, wani katako mai laushi mara nauyi, mai kaurin milimita 0.8. A na biyu girman ƙwallo yana bin girman bindigar jirgin asali, har ya kai milimita 6.35, kaurin balsa kuma yana bin kaurin sulkensa. Jirgin da aka gina don wannan tsari ba ya shiga wancan. Lissafin da ke tafe na tsarin farko ne.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ɗaya bisa 144. Raba tsawon jirgin asali da 144: Bismarck na Jamus mai mita 251 zai fito mita 1.74, Yamato na Japan mai mita 263 zai fito mita 1.83. Nauyi kuwa da kusan miliyan 3 ake raba shi, wato 144 sau 144 sau 144. Jirgi mai tan 50,000 zai zo wajen kilo 17, mai tan 2,500 kuwa ko kilo ɗaya ba zai cika ba. A nan sabon shiga yake yawan kuskure. Ƙaramin jirgi yana kama da mai sauƙi, amma batir, kwalbar gas, famfo da bindiga duk sai sun shiga cikin wannan ɗan nauyin. Ƙaton kuma ga tsada, ga wuyar juyawa, ga faɗin jiki da kowa zai samu wurin harbi. Zaɓi matsakaici mai kilo 5 zuwa 7, irin Invincible na Ingila ko Von der Tann na Jamus, waɗanda tsawonsu ke tsayawa wajen mita 1.2.

Gangar jikin ko dai ka sayi ta faiba da aka riga aka zuba, ko ka haɗa ta da haƙarƙarin katako mai falle-falle. Ko wacce ce, doka tana so kashi 85 cikin ɗari na tsawon gefen jirgin ya zama wurin da ƙwallo zai iya hudawa. Sauran kashi 15 shi za ka raba tsakanin haƙarƙari da goshi da ƙeya. In ta faiba ce, zana layin ruwa tukuna, wato iyakar inda ruwa ke kaiwa a jikin jirgin, sannan ka zana tagogi daga ƙasan bene, wato rufin saman jirgin, zuwa inci ɗaya ƙarƙashin layin, ka yanke su, ka bar ginshiƙai masu faɗin milimita 6 a tsakani. Kada ka zana layin ruwa da ka. Sa gangar a ruwa, loda mata nauyi har ta kai cikakken nauyinta, ka yi alama inda ruwan ya tsaya. In kuwa ta katako ce, shafe kowane lungu da gam ɗin ifoksi, har cikin ramukan kusoshi, domin inda ka tsallake nan ruwa zai shiga, katakon ya kumbura ya ɓare falle-falle.

Fatar balsa ana manna mata siririyar takarda mai ƙarfi da ake kira silkisfan, a shafa ruwan dof, wani irin fanis mai saurin bushewa, ya kama ta. Amfanin takardar shi ne ƙwallo ya bar rami ɗan zagaye maimakon ya tsaga katakon gaba ɗaya. Kada ka yi ta lafta fenti don jikin ya yi tauri. Ana gwada taurin fata kafin wasa, wanda ya wuce ƙa'ida sai ya kware ya sake.

Yanzu ga inda ake cin wasa ko a faɗi: ruwan da ya shigo ciki. An hana raba cikin jirgi ɗaki-ɗaki, an kuma hana cusa abin da zai hana shi nutsewa. Abin da ya rage maka shi ne ka nuna wa ruwan hanya. Ɗaga ƙasan jirgin ta gaba da ta baya da tubalan balsa da aka shafe da ifoksi, ka bar kwari a tsakiya, mai gangarowa zuwa inda famfo yake. Famfon ya zauna a wuri mafi zurfi, ɗan baya da tsakiya, saboda da zarar jirgi ya taso da gudu ruwan ciki baya yake kwararowa. In ka bar ƙasan a shimfiɗe, ruwan zai riƙa kai-komo, duk juyin da ka yi ya taru a gefe guda, jirgin ya kife alhali ramukansa ba su taka kara sun karya ba.

Famfon da kansa ƙaramin injin lantarki ne mai juya farfela a cikin gida, yana tura ruwa ta bututu zuwa sama. Abin da ke kashe shi ɓarɓashin balsa ne da ƙwallayen da suka faɗo ciki. Kewaye bakinsa da raga mai faɗi, ninki biyu, ta waje mai manyan idanu, ta ciki mai ƙanana. Raga ƴar ƙarama nan da nan take toshewa. Huda ɗan rami kamar na allura a saman gidan farfelar don iska ta fita, in ba haka ba injin zai yi ta kuka ba ya jan ruwa. Wayarsa ta zama mai kauri, a yi mata dalma da kyau. Jirgi mai bindiga ɗaya da famfo lafiyayye ya fi mai bindiga huɗu da famfon da ke shaƙewa.

Ta cikin haƙarƙari rataya labulen roba mai kauri ko siririn filastik mai lanƙwasuwa, ka bar ɗan rata tsakaninsa da balsa. Ƙwallo zai huda fata ya tsaya a nan, bai kai ga batir ko bututun gas ba. Sandunan farfela su bi ta bututun tagulla da aka cika da giris. Na'urar karɓar saƙon rimot da allunan lantarki a lulluɓe su da ifoksi, a bar eriya a can sama, domin saƙon rimot na zamani ba ya ratsa ruwa. Batir ya kwanta ƙasa sosai kuma a ɗaure. Wanda ya zame gefe shi kaɗai ya isa ya karkatar da jirgi. Gudu ma doka ce ke yanke shi: ana auna daƙiƙa nawa jirgi ke ɗauka ya ci ƙafa 100, galibi tsakanin 22 da 28 gwargwadon irinsa.

Bindiga da gas ɗin CO2 take aiki. A cikin kwalba ƙarfinsa yana haura psi 800 (psi ma'aunin matsin iska ne), sai regileta ta sauko da shi zuwa 150, iyakar da aka yarda. Ka danna rimot, bawul ya buɗe, gas ya ɗaga ɗan fistin da ke sakin ƙwallo ɗaya ya tare na bayansa. Ƙwallon ya je ya tsaya a zoben roba da ke gindin bakin bindiga har iska ta taru ta fizge shi. Noti ne ke matse zoben. Ya yi sako-sako, ƙwallo ya fito ba ƙarfi. Ya matsu da yawa, ka ji huci kawai. Ana ɗaure shi kaɗan-kaɗan har harbi ya tsaya, sannan a sassauta ɗan taƙi. In ƙwallaye suna fita biyu-biyu, tsayin fistin ne bai daidaita ba. Kwalbar kuma a jingine ta bakinta na kallon sama, don in ruwan gas ya shiga regileta sai ta daskare, ƙarfin ya haura. Rumbun bindiga galibi ƙwallo 50 yake ɗauka. Saita bakin ya ɗan sunkuya ƙasa: ramin da ka huda ƙarƙashin layin ruwa ya fi na samansa kawo maki a wasa, kuma na ƙasan ne ke nutsar da jirgi.

Waɗannan ƙwallaye suna fasa ido. Duk wanda ke bakin tafki, har ɗan kallo, sai da tabarau na kariya mai rufe gefe. Jirgi na kan tudu, a zura fil a bakin kowace bindiga, a rufe gas. Kada a bar kwalba a rana, kuma ba mai shiga ruwa sai an tsayar da harbi.

Ɗaura ɗan abin da ke yawo a saman ruwa da zare mai tsawon da ya fi zurfin tafkin, a ajiye shi sako-sako a kan bene, don ya taso ya nuna inda jirgin ya kwanta. Da an tsamo shi, cire batir, zubar da ruwan, ɗauraye laka da ruwa mai tsabta, ɗiga mai a injina ka kunna su na ɗan lokaci. Zazzage ƙwallayen da suka rage a rumbu, domin kwana ɗaya ya isa su yi tsatsa su manne. Ramuka kuwa, yanki ƴar takardar silkisfan da ta ɗan fi ramin faɗi, ɗora, shafa dof, cikin mintuna kaɗan ta bushe. Idan faci ya hau kan faci har jikin ya yi tauri, kware balsar duka ka sa sabuwa.