Kurakuran da masu shigar da rubutun makafi a kwamfuta suke ta maimaitawa

Kusan duk sabon hannun da ya zo wurinmu koyon shirya takardun Braille, kuskurensa na farko iri ɗaya ne: ya rubuta zancensa da boko, ya zaɓi font (salon haruffa) mai ɗige-ɗige irin SimBraille, ya ga ɗigo sun cika allo, sai ya ce ya gama. Ko kusa. Riga kawai ka sauya wa haruffan, a ƙarƙashi suna nan yadda suke.

Ni ma na yi wannan shirmen, kuma na sha kunya. An ba ni takardar gwajin lissafi ta wasu ɗalibai makafi, na sauya font, na ajiye, aka buga da injin hudo ɗigo. Washegari malamarsu ta kira ni, murya a sama: "Malam, me ka aiko mana haka? Ina lambobin?" Ashe kowane gurbin Braille ɗigo shida ne masu lamba 1 zuwa 6, kuma a tsarin Braille ASCII, wanda fayilolin BRF da ake ba injin suke bi, "1" ɗigo na 2 ne kaɗai, "4" kuma ɗigo 2, 5, 6. A karatun yau da kullum waɗannan waƙafi ne da aya. Yaro ya shafa 14, yatsansa ya gaya masa waƙafi, aya. Daidai shi ne a fara sa alamar lamba, ɗigo 3, 4, 5, 6, sannan haruffan a da d, wato #AD a cikin fayil. Shafi ashirin da wani abu muka zubar, ga takardar Braille da tsada, aka kuma ɗage gwajin. Tun daga ranar ba na barin komai ya je wurin injin sai ya bi ta manhajar fassara rubutu zuwa Braille, ni Liblouis nake amfani da ita, sannan na roƙi makaho ya shafa shafin farko a gabana.

Kuskure na biyu na masu ɗan sanin shirya manhaja ne, su ne ma suka fi taurin kai. Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ware wa Braille gurabe 256, daga U+2800 zuwa U+28FF, tun fitowarsa ta 3.0 a 1999. Sai mutum ya ga harafin a ita ce U+2801, ya ɗauka b ce ke bin ta. Wa ya gaya maka? Jerin ba na abacada ba ne, lissafin ɗigo ne. Ɗigo na 1 darajarsa 1, na 2 darajarsa 2, na 3 kuwa 4, na 4 yana da 8, haka ake ninkawa har na 8 mai 128, don Unicode gurbi mai ɗigo takwas yake lissafawa. Harafin b ɗigo 1 da 2 ne, ka haɗa ka samu U+2803. C ɗigo 1 da 4, U+2809. Ita U+2802 da ka ɗauko, waƙafin nan ce dai ta sake dawo maka.

Kuma Unicode siffar ɗigon kawai ya sani, bai san ma'ana ba. ⠁ a ce a Turanci, alif ce a Larabci, 1 ce bayan alamar lamba. Shi ya sa liƙa wa makaho waɗannan alamomin a saƙon waya wahalar da shi ne, manhajar da ke karanta masa allo za ta iya zama tana lissafa masa ɗigo ɗaya-ɗaya. Aika masa rubutu na gama-gari, na'urarsa ta san aikinta.

U+2800 gurbi ne maras ɗigo, ba tazara ba ce, manhajoji da yawa ba sa yanke layi a kanta. Shafin BRF yawanci gurbi 40 ne a layi, layi 25, kada ka buɗe shi a Word ka ce za ka gyara tsayin layi. In kuma Hausa kake fassarawa, duba ɓ, ɗ da ƙ da idonka: teburin Turanci na manhajar fassara bai san su ba, na sha ganin ya ajiye \x0199 a tsakiyar kalma inda ƙ take.